Maƙalar da ta shekara takwas a durowa

A shekarar 1990, Leslie Lamport, wani masanin lissafi haifaffen New York da ke aiki a cibiyar binciken kamfanin DEC a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, ya aika wa wata mujallar ƙungiyar ACM maƙala. Mutum uku aka ba su duba ta, kuma bakinsu ya zo ɗaya: akwai ɗan abin sha'awa a ciki, amma ba wani muhimmin aiki ba ne, sannan sai an cire tatsuniyar da marubucin ya naɗe lissafinsa da ita. Ran Lamport ya ɓaci, ya ƙi taɓa ko harafi, ya ajiye abarsa. Ba ta fito a mujallar ba sai 1998. Dabarar da ke cikinta, wadda ake kira Paxos, tana daga cikin ginshiƙan da manyan rumbunan bayanai na duniya ke tsaye a kansu yau.

Ina koyar da wannan fanni, kuma duk sa'ad da na ga ana auna malami da yawan ambaton da maƙalunsa suka samu, tarihin wannan mutum ne ke faɗo mini. Shi kansa yana cikin waɗanda aka fi ambata a fannin, don haka ba kukan wanda aka hana rabo nake yi masa ba. Abin da ya dame ni shi ne, ko a kan mutumin da alƙaluma suka yi wa adalci, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar suna faɗar wani abu, tarihi yana faɗar wani.

Sana'ar da ake magana a kanta ita ce ta sa kwamfutoci masu yawa su yi aiki ɗaya tare, ko suna cikin ɗaki guda ko suna warwatse a garuruwa. Wahalarta uku ce, kuma tun farko ba ta sauya ba. Agogon kowace na'ura dabam yake tafiya. Saƙon da suke aika wa juna yana iya makara ko ya ɓata a hanya. Sannan kowacce tana iya mutuwa ana tsakiyar aiki ba tare da ta yi sallama ba. A ce banki yana ajiye lissafin asusunka a na'ura biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Legas, sai aka saka kuɗi ta can, aka nemi cirewa ta nan, kusan lokaci guda. Wanne ya riga? In na'urorin suka saɓa a kan amsar, lissafinka ya rabu biyu.

Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, shi ya buɗe ƙofar a 1965 da tambayar yadda ayyuka da yawa za su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi ba tare da sun yi karo ba. Lamport ya kawo tasa amsar a 1974. Amma aikin da ya ɗaga sunansa ya fito ne a watan Yuli na 1978, a kan lokaci da agogo da jerin aukuwar abubuwa. Asalinsa wata takarda ce da Paul Johnson da Robert Thomas suka rubuta a 1975 kan ajiye kwafin bayanai a wurare dabam-dabam, inda suke buga wa kowane sauyi hatimin lokaci. Lamport, wanda ya san ka'idar Einstein ta dangantakar lokaci, ya gano cewa dabarar tasu tana iya jera sakamako gaba da sanadinsa. Sai ya ce a ajiye agogon bango a gefe. Abu ya riga wani ne idan sun auku a na'ura ɗaya a jere, ko kuwa na farkon aika saƙo ne na biyun karɓarsa, ko akwai sarƙar irin wannan a tsakaninsu. In babu, to ba wanda ya riga wani. Kowace na'ura ta riƙe lamba, ta ƙara mata ɗaya duk sa'ad da wani abu ya faru, ta liƙa ta a jikin saƙon da za ta aika. Mai karɓa kuwa ya ɗaga tasa lambar ta zarce wadda ta zo masa. Iyakar dabarar ke nan, kuma har yau ban daina jin daɗin ganin fuskar ɗalibi a lokacin da ya gane ta ba.

Wannan maƙala an ambace ta fiye da sau 10,000, kuma ita ce ta fara cin kyautar da daga baya aka raɗa wa sunan Dijkstra, a 2000. Sai dai Lamport ya rubuta da kansa cewa abin da ya fi ɗauka da muhimmanci a cikinta ba agogon ba ne. A cikinta ya nuna cewa muddin na'urori suka yarda da jeri ɗaya na umarni, suka bi shi daki-daki, to dukkansu za su tsaya a matsayi ɗaya, kuma da wannan ana iya gina kowane irin tsari. Ya ce da wuya ya haɗu da wanda ya san akwai wannan batu a maƙalar, har wasu sun yi masa musu cewa babu shi. Dubban ambato, amma zuciyar aikin ta wuce yawancin masu ambaton. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan matsala: ba sa tsayawa ga yawan masu ruwaya, sai sun bincika ko mai ruwayar ya ji daga bakin malamin da yake ambata. Alƙaluman ambato ba su da wannan binciken. Wanda ya karanta ya fahimta, da wanda ya kwafo suna daga ƙarshen maƙalar wani, lamba ɗaya suke bayarwa.

Daga 1977 Lamport ya koma cibiyar SRI, inda ake gina kwamfutar sarrafa jirgin sama da kuɗin hukumar NASA. A nan tambayar ta ƙara tsanani: idan na'ura ba mutuwa ta yi ba, lalacewa ta yi har tana gaya wa wannan abu kaza, tana gaya wa waccan akasinsa fa? Marshall Pease da Robert Shostak da Lamport sun tabbatar a 1980 cewa, in saƙonni ba su ɗauke da sa hannun da ba a iya ƙirƙira, na'ura uku ba su isa su rinjayi maƙaryaciya ɗaya a cikinsu ba, sai huɗu. Dole masu gaskiya su haura kashi biyu cikin uku. Bayan shekara biyu suka sake fito da batun cikin labarin janar-janar da suka kewaye birni, wasunsu maciya amana. Lamport bai ɓoye dalili ba: ya lura cewa matsalar da aka ba labari ta fi shiga bakin mutane. Da farko janar-janar ɗin 'yan Albaniya ya sa, wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya sauya don kada ya ɓata wa kowa, sai ya mai da su na tsohuwar daular Bizantiya. Maƙalar 1982 ita ce ta fi yawo, sunan kuma ya zauna har a bakin masu harkar Bitcoin. Amma gano gaskiyar a 1980 aka yi shi.

Wannan nasara ce ta ja shi zuwa Paxos. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson sun tabbatar cewa, in babu iyaka ga jinkirin saƙo, babu dabarar da za ta lamunce cewa kullum za a kai ga matsaya, ko da na'ura ɗaya tak ce ke iya mutuwa. Abokan aikin Lamport a DEC suna gina wani tsarin ajiyar fayil, shi kuwa yana ganin abin da suke nema ba zai yiwu ba. Ya zauna ya tabbatar da hakan, sai ya ƙare da gano hanyar da zai yiwu. Sirrinta rinjaye ne: a cikin na'ura biyar, duk ukun da ka ɗebo yau da duk ukun da ka ɗebo gobe, dole akwai aƙalla ɗaya da ke cikin duka biyun, kuma ita za ta tuna abin da aka riga aka zartar. Ana iya jinkiri, amma ba za a taɓa zartar da hukunci biyu masu karo da juna ba. Ya zuba wannan cikin labarin majalisar wani tsibirin Girka, mai 'yan majalisa da ke shiga da fita yadda suka ga dama saboda kasuwancinsu. Har laccoci ya yi cikin shigar mai haƙo kayan tarihi. Wannan karon labarin ya rufe lissafin, masu sauraro suka tafi da tatsuniya suka bar dabara.

Butler Lampson ne ya gane ta tun da wuri, ya riƙa bayaninta a laccocinsa da rubutunsa. Injiniyoyin DEC suka yi amfani da ita a wani tsarin ajiya mai suna Petal tun maƙalar ba ta fito ba. A 2001 Lamport ya sake rubuta ta da magana miƙaƙƙiya. A 2006 Mike Burrows ya bayyana Chubby, tsarin da Google ke dogara da shi wajen haɗa kan na'urorinsa, kuma Paxos ce a cikinsa. Daga nan ambato ya ɓarke. Lamport ya samu kyautar Turing ta 2013.

Akwai wanda lissafin ya fi tauye wa haƙƙi. Brian Oki da Barbara Liskov na jami'ar MIT sun wallafa dabara mai kama da wannan ƙwarai a 1988, kafin Paxos. Kowane ɓangare da kansa ya gano tasa, kuma an daɗe ba a lura cewa kusan abu ɗaya suke faɗa ba. Sunan Paxos ne ya yi tashe. Da Diego Ongaro da John Ousterhout na Stanford suka fito da Raft a 2014, don a samu dabarar da ɗalibi zai iya fahimta, sun bayyana cewa ta fi kusa da aikin Oki da Liskov.

Shi kansa ƙirga ambaton ba tsohon abu ba ne. Eugene Garfield ya fito da kundinsa a 1964 don mai bincike ya bi sawun wanda ya ɗora a kan aikin wani. Google Scholar ya zo a 2004, Jorge Hirsch ya kawo ma'auninsa na h a 2005. Ma'aunin darajar mujalla da aka fi sani shekara biyu kacal yake waiwaya baya. Da a ce da shi aka auna Lamport a 1995, da Paxos ba ta da maki ko ɗaya, alhali ana gina na'urori da ita. Bugu da ƙari, a wannan fanni manyan ayyuka a taron masana suke fitowa: na Oki da Liskov, da Chubby, da Raft, duk a taro aka gabatar da su. Kwamitin ƙarin girma da ya ɗauki takardar taro ƙasa da ta mujalla, kamar yadda ake yi a jami'o'inmu da yawa, zai fifita maƙala mara nauyi a kan irin waɗannan. Na ga matasa masu basira sun bar tambaya mai wuya sun koma yanka aiki ɗaya gida uku don lamba ta hau, kuma ban ga laifinsu ba, abin da aka ce za a ƙirga suka kawo.

Ban ce a zubar da alƙaluman ba, suna nuna inda hankalin masu bincike ya karkata. Amma duk wanda zai yanke hukunci a kan aikin malami, ya ɗauki maƙala biyu ko uku da malamin ya fi alfahari da su ya karanta, ko ya ba wanda ya san fannin ya karanta masa. Ɗalibin kwamfuta kuwa, maƙalar 1978 shafi takwas ce, tana nan kyauta a shafin Lamport na intanet. Kafin ka sa sunanta a aikinka, ka karanta ta har ƙarshe.