Asalin Kalma: Agogo

Kalmar agogo ararriya ce daga harshen Yarabanci, inda ma'anarta ta farko ita ce ƙararrawa, wato ƙarfen da ake bugawa domin kiran jama'a ko yin shela, kuma da yake bugun ƙararrawa ne ke sanar da lokaci, sai sunan ya koma kan na'urar da ke ƙidaya shi. Haka abin ya faru a Turai, domin kalmar Ingilishi ta agogon bango ta samo asali ne daga "clocca" ta Latin, wadda ita ma ƙararrawa take nufi. Wataƙila wannan ne dalilin da ya sa Bahaushe ke cewa "ƙarfe uku", kamar yana ƙirga bugu, alhali sa'a daga Larabci ta zo, awa kuwa daga Ingilishi.

Hausa ba ta ware wa na hannu ko na bango suna dabam ba, saboda haka na roba da ake tallarsa a tire da Rolex, wanda kamfaninsa ya faro a Landan a 1905 kafin ya koma Geneva, duk agogo ne, kuma kirarinsu ɗaya: sarkin aiki.