Daga Dandali Zuwa Takarda: Tarihin Tattara Labaran Al'ajabi da na Ban Tsoro a Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun labaran dodanni da aljannu da 'yan fashi, tun daga bakin tsofaffi har zuwa shigarsu littafi. Mun ɗauki Kunci, wadda ke arewacin Jihar Kano, a matsayin misali. A irin wannan karkara ta manoma, inda ƙauyuka ke kusa da juna, tatsuniya ita ce hirar dare, musamman bayan an kai amfanin gona gida. A nan yaro ke fara sanin Dodo da Gizo da maye.

Turawa ne suka fara tattara waɗannan labarai cikin boko. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Daga baya Rupert East ya shirya gasa a Zariya cikin 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A 1937 Imam ya fara fitar da Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Jamus, ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin aku.

Abin lura a nan shi ne, don makaranta aka yi yawancin waɗannan littattafai. Saboda haka aka fi zaɓen labarin da ke ƙarewa da darasi. Ɗan Kunci da ya shiga elementare ya tarar da hikimar waziri da dabarun ɓarayi, amma tsoron da kakarsa ke cusa masa da dare ya ragu ƙwarai a takarda. Ko da yake Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya kawo jarumta, Da'u Fataken Dare na Tanko Zango ya kawo 'yan fashi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo kuma ya kai yara sararin samaniya a 1969, duk ba su fita daga inuwar malamin makaranta ba. Shi kuwa kaboyi, a allon silima mutanen birnin Kano suka san shi.

Sai a shekarun 1980, da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, ƙofa ta buɗe. Bayan soyayya, littattafan yaƙi da matsafa da aljannu suka shiga kasuwa, gidajen rediyo kuma suka riƙa karanta wasu, har suka isa kunnen manomin da bai yi boko ba.

A ƙarshe, muna ganin mai tattara labari shi ke yanke hukuncin abin da jikoki za su gada. Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna hanya da Tatsuniyoyi da Wasanni. Ya rage ga jami'o'inmu su je garuruwa irin Kunci su naɗi abin da ya saura, domin duk tsohuwar da ta rasu da nata kundin take tafiya.