Yadda Zariya Ta Sa Duniya Ta Saurari Tarihinmu

Maƙalar wannan makon ta taɓo tambayar da jami'o'inmu ke fama da ita a yau: ta yaya jami'a ke inganta bincikenta har sunanta ya ƙetare teku? Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya taɓa amsa ta a aikace, kuma amsar ta shafe mu, mu masu riƙe da alƙalami.

An buɗe jami'ar a watan Oktoba na 1962. A lokacin, manyan jami'o'in Turai ba su ɗauki tarihin baƙar fata a bakin komai ba. A 1963 wani shehin malami na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta. Sabuwar jami'ar Samaru ba ta da dukiyar Oxford. Abin da take da shi kuwa babu shi a can: takardun magabata da ke zaurukan malamai da fadojin sarakuna, da tsofaffin da suka riƙe labari a ka.

Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya baro Ibadan ya shugabanci sashen tun 1962. Matakin farko shi ne tattara hujja. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa tare da Jami'ar Ibadan. Masu bincike suka shiga gari-gari suna neman rubuce-rubucen Larabci da na Ajami, suna ɗaukar hotonsu, suna jera sunayensu domin mai nema ya samu. Murray Last, wanda ya yi aiki da shirin, ya dogara ƙwarai da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato wajen littafinsa kan Daular Usmaniyya da ya fito a 1967.

Daga nan sai horar da 'yan gida su rubuta tarihin gidajensu. Muhammad Bello Alkali ya kammala kundinsa kan Kabi a ƙarni na 19 a 1969. Yusufu Bala Usman ya kammala digirin dakta kan Katsina a 1974. Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Yawuri, ya fitar da littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978. A 1984 kuma Abdullahi Rafi Augi, mai ɗauke da sunan garinmu, ya rubuta kundin dakta kan rawar da Gobir ta taka a kwarin Rima daga wajen 1650 zuwa 1808.

Sai kuma buɗe ƙofar muhawara. A 1970 Smith ya buga maƙalar da ta tuhumi ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa, ya ce a duba yadda ƙauye ke zama gari, gari ya zama birni. A shekarar ce kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan Sardauna, don adana takardu. A 1975 aka yi babban taron ƙara wa juna sani a Sakkwato, aka buga takardunsa a 1979.

Sakamakon ya fito sarari. Duk mai son rubutu kan Sakkwato ko Katsina, ko yana Landan ko yana Amurka, sai ya nemi abin da aka rubuta a Zariya. Sunan ya zo ne saboda sun tono abin da babu wanda ya kai su kusa da shi, suka tace shi da ƙa'idar da kowane masani zai yarda da ita.

Tafiyar ta yi sanyi daga baya. Smith ya rasu a 1984, tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, littattafan waje suka yi tsada, malamai da dama suka tafi. Yau muna da jami'ar Aliero tun 2006 da ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, kuma hanyar da Zariya ta bi tana nan a buɗe gare su.

To mu fa? Yawancin kundayen nan da Turanci aka rubuta su, suna kwance a kantocin ɗakunan karatu, mutanen da aka yi binciken a kansu ba su taɓa jin abin da ke ciki ba. Mai rubuta labari kan Kanta, alhali bai leƙa Gidan Tarihin Kanta a Argungu ba, bai ga kufan Surame ba, bai karanta Alkali ba, zai ƙare da maimaita abin da ya tsinta a Facebook.

Gara na cin takarda, tsofaffi suna tafiya da abin da suka sani. Kafin mako mai zuwa, kowa ya zauna da dattijo ɗaya a unguwarsu, ya rubuta sunansa da rana da wurin hirar, ya adana abin da ya ji. Allah ya yi mana jagora, amin.