Ma'aunin Haɗari da Gano Ɓoyayyen Ciwon Sukari a Tsakanin Manya: Nazari a Kan FINDRISC da Iyakar Amfaninsa

Tsakure

Wannan maƙala ta duƙufa a kan takardun tambayoyi da likitoci suka tsara domin zaƙulo manyan mutanen da ciwon sukari nau'i na biyu ya kama ba da saninsu ba. An ɗauki ma'aunin ƙasar Finlan mai suna FINDRISC aka warware tambayoyinsa, aka gwama shi da na Indiya, aka kuma kafa hujja cewa maki 12 daga cikin 26 da ya ƙunsa ba sa samuwa sai ga wanda shi ko danginsa suka taɓa zuwa gaban likita, abin da ke raunana shi a inda aka fi muhtajarsa.

Muƙaddima

Daga cikin cututtukan da suka addabi ɗan Adam a wannan zamani, kaɗan ne suke da ɗabi'ar ɓuya irin ta ciwon sukari nau'i na biyu, domin kuwa yakan zauna a jiki shekara da shekaru yana lahanta jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafafu, alhali mai shi yana kai da kawowa a harkokinsa, ba ya jin komai face 'yar kasala da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, waɗanda galibi yakan jingina su ga zafin rana ko ga girma. Harris da abokan aikinta, a shekarar 1992, sun yi ƙiyasi daga lalacewar jijiyoyin ido cewa cutar kan fara ne shekara 4 zuwa 7 kafin a gano ta. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuwa, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, kimanin miliyan 240 daga cikinsu ba su sani ba. A yankin Afirka na wannan ƙididdiga, inda masu shi suka kai miliyan 24, waɗanda ba su sani ba sun kai kashi 54 cikin ɗari, kuma babu wani yanki na duniya da ya kai haka.

Yaƙini a wannan babi ba ya samuwa sai da awon jini. Sharaɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya shi ne sukarin jini ya kai milimol 7.0 a kowace lita bayan mutum ya kwana bai ci komai ba, ko milimol 11.1 bayan sa'a biyu da shan ruwan sukari na gwaji, ko kuma awon HbA1c ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Sai dai auna jinin kowane baligi abu ne mai cin dukiya da ma'aikata, shi ya sa masana suka nemi wata rariya mai araha da za ta tace jama'a tukuna, a ware waɗanda zato ya fi ƙarfi a kansu, su kaɗai a ɗebi jininsu.

Asalin FINDRISC da tsarinsa

Jaana Lindström da Jaakko Tuomilehto ne suka wallafa wannan ma'auni a 2003, bayan an bi diddigin dubban 'yan Finlan masu shekara 35 zuwa 64 da aka fara dubawa a 1987, har tsawon shekara goma, don a ga waɗanda suka wayi gari suna shan maganin sukari. Ke nan maƙasudinsa na asali shi ne hasashen abin da ke tafe, amfani da shi wajen gano cutar da ta riga ta sauka kuwa daga baya ya zo.

Takardar da ake aiki da ita tana da tambaya takwas. Shekaru suna ba da maki har 4, nauyin jiki gwargwadon tsawo har 3, kewayen ƙugu har 4 (ga namiji daga santimita 94 ake fara lissafi, ga mace daga 80), rashin motsa jiki na minti 30 kullum maki 2, rashin cin ganye da 'ya'yan itace kullum maki 1. Sauran ukun su ne shan maganin hawan jini, maki 2; taɓa samun sukarin jini ya hau a wani awo, maki 5; da samun mai ciwon a dangi, maki 5 idan mahaifi ne ko mahaifiya ko ɗan'uwa shaƙiƙi ko ɗa, maki 3 idan kaka ne ko baffa ko kawu ko gwaggo ko 'ya'yansu. Wanda ya sami ƙasa da 7, haɗarinsa a shekara goma ɗaya ne cikin 100. Wanda ya sami 15 zuwa 20, ɗaya cikin 3. Wanda ya haura 20, ɗaya cikin 2.

Tattaunawa

Duk wanda ya yi tadabburi a kan tambayoyi ukun nan na ƙarshe zai ga cewa abin da suke aunawa shi ne tarihin hulɗar mutum da asibiti, domin ba ya shan maganin hawan jini sai wanda aka auna aka rubuta masa, ba ya cewa sukarinsa ya taɓa hawa sai wanda aka taɓa tsaga yatsarsa, kuma ba ya cewa mahaifinsa mai ciwon sukari ne sai wanda aka ambata wa mahaifin nasa sunan cutar kafin ya koma ga Mahaliccinsa. A Finlan, inda kusan kowa ke samun ganin likita, amsar “a'a” tana kusa da gaskiya. A ƙauyen da fiye da rabin masu cutar ba su san suna da ita ba, “a'a” ɗin nan ma'anarta “ba a taɓa dubawa ba”, ita kuwa takarda ba ta rarrabe tsakanin biyun, sifiri take rubuta wa kowannensu. Mu ƙaddara manomi ɗan shekara 50, siriri, mai wuni a gona, wanda mahaifiyarsa ta rasu da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa ba a san musabbabinsa ba: makinsa ba zai wuce 3 ba, za a sallame shi da albishir, alhali da mahaifiyar ta taɓa ganin likita, da makin ya tashi zuwa 8. A ganina wannan ita ce illa mafi girma a sha'anin, domin kuskuren ba ya faɗawa kan kowa daidai wa daida, talaka da mutumin karkara ya fi samu, su da aka ƙirƙiro dabarar mai araha dominsu.

Akwai kuma mas'alar ƙugu. Iyakokin santimita 94 da 80 daga jikin Turawa aka ciro su, kuma lokacin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ba da shawara a 2005 cewa a yi aiki da su ga mutanen Afirka ta kudu da Sahara, ta bayyana cewa na wucin gadi ne kafin a sami alƙaluman yankin. Mutanen Indiya, da suka lura cewa cutar tana kama su tun ba su yi ƙiba sosai ba, ba su yi taƙlidi ba: Mohan da abokan aikinsa a birnin Chennai sun fitar da nasu ma'aunin a 2005, mai tambaya huɗu kacal, wato shekaru da ƙugu da motsa jiki da tarihin dangi, aka gwada shi kai tsaye a kan gano ɓoyayyar cutar. A maki 60 cikin 100 ya kama kashi 72.5 na masu ita, ya kuma wanke kashi 60.1 na marasa ita.

Ya kamata a fahimci abin da waɗannan alƙaluma ke nufi a aikace. Idan aka ƙaddara, a matsayin misali kawai, mutum 1,000 da 50 daga cikinsu ke da cutar a ɓoye, ma'auni mai irin wannan ƙarfi zai tura kimanin 415 zuwa awon jini, a sami 36 masu ita, 14 su kuɓuce. An rage aikin ɗakin awo da fiye da rabi, wannan fa'ida ce babba. Amma wajibi ne a gaya wa wanda makinsa ya yi ƙasa cewa ba a ba shi shaidar lafiya ba, musamman idan yana da alamomin da aka ambata a baya, domin mai alama awon jini yake bukata kai tsaye.

Shi ma awon tabbatarwa yana da nasa sharaɗi a ƙasarmu. HbA1c ya dogara ne ga tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, don haka yakan karkace ga mai ƙarancin jini da mai amosanin jini, wasu na'urorin ma har ga mai ɗauke da rabin gadon sikila, wanda a Nijeriya ya kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Awon sukari na safe kafin karin kumallo ya fi aminci a irin wannan hali.

Saura tambaya mafi nauyi, wadda Wilson da Jungner suka sanya cikin ƙa'idojin tantance jama'a tun 1968, cewa kada a nemi cuta sai an tanadi hanyar tabbatar da ita da ta magance ta. Binciken ADDITION na Kambirij, wanda ya shafi mutum fiye da 20,000 masu shekara 40 zuwa 69 a gabashin Ingila da aka zaɓo da ma'aunin haɗari, ya nuna a 2012 cewa gayyatar tantancewa sau ɗaya ba ta rage yawan mace-mace ba cikin kusan shekara goma. A ɗaya ɓangaren, gwajin rigakafi na Finlan a 2001 da na Amurka a 2002 duk sun nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki, tare da bibiya ta haƙiƙa, sun rage aukuwar cutar da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda ke bakin kamuwa. Abin da ake istinbaɗi daga haɗuwar hujjojin nan shi ne, amfanin yana tattare da abin da ya biyo bayan cika takardar.

Bisa wannan, binciken da ya kamaci jami'o'inmu na Arewa shi ne a ɗauki samfurin manya daga birni da ƙauye, a cika wa kowa takardar da Hausa, a auna jinin kowa ba tare da duban makinsa ba, a ƙara amsa ta uku ta “ban sani ba” a tambayoyin dangi da na awon baya, a kuma auna hawan jini nan take maimakon tambayar shan magani, sannan a fitar da iyakar ƙugu da iyakar maki daga alƙaluman da aka samu, maza daban, mata daban.