Rajistar adireshi a ƙasashen waje: Mutum nawa doka ta yarda gida ya ɗauka?

A ƙasashe da dama, musamman na Turai, samun wurin kwana kaɗai bai wadatar da baƙon da ya je karatu ko aiki ba. Wajibi ne hukuma ta rubuta sunansa a kan wani gida takamaimai, kuma akwai iyaka ga yawan mutanen da aka yarda gidan ya ɗauka.

Wannan ƙa'ida takan zo wa matafiya daga ƙasar Hausa a ba-zata, domin ta sha bamban da abin da suka saba da shi.

Yadda aka saba a gida

A ƙauyuka irin su Yargalma da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum a jihar Zamfara, sunan mai gida da na unguwarsa su ne adireshi. Idan baƙo ya sauka akan ba shi wuri a zaure ko a shago, in kuma zamansa zai daɗe, mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa.

Haka Hausawa suka tafi da wannan tsari zuwa zango-zango na kurmi. A unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wadda aka kafa a 1916, fataken shanu da na goro kan sauka ne a hannun masu gida, waɗanda ke tsaya musu a kasuwa da kuma gaban Sarkin Hausawa.

A wannan tsari mutum ne ke shaidar mutum, kuma babu mai auna ɗaki kafin a shimfiɗa wa baƙo tabarma. Har yanzu ma mutum na iya tashi daga Gummi ko Anka ya koma Gusau ba tare da ya je wani ofishi ya sanar ba.

Tsarin ƙasar Jamus

Jamus na cikin ƙasashen da suka fi tsananta wannan batu. Dokar tarayya kan rajistar mazauna, wadda ta fara aiki ranar 1 ga watan Nuwamban 2015, ta wajabta wa duk wanda ya tare a wani gida ya je ofishin rajista na garin cikin makonni biyu. Jamusawa na kiran wannan rajista Anmeldung.

Dokar ta shafi ɗan ƙasa da baƙo. Sai dai wanda mazauninsa na ƙasar waje, ya zo ziyara kawai, ba ta hau kansa ba sai zamansa ya wuce watanni uku.

Da wannan adireshi ne hukumar kula da baƙi ta garin ke duba batun takardar izinin zama, kuma can ake aika wa mutum lambarsa ta haraji, wadda masu ɗaukar ma'aikata ke nema. Bankuna da yawa su ma sukan nemi takardar rajistar kafin su buɗe asusu.

Tun da yake ta gidan waya hukumomi ke aika yawancin saƙonninsu, dole sunan mutum ya kasance a jikin akwatin wasiƙun gidan, in ba haka ba wasiƙa ta koma inda ta fito.

Takardar mai gida

Ofishin rajista na neman fasfo, da kuma wata takarda wadda mai ba da masauki ya sanya wa hannu, yana tabbatar da cewa wane ya tare a gidansa a rana kaza. Yarjejeniyar haya kaɗai ba ta maye gurbin wannan takarda.

Ɗan haya na iya cika ta ga wanda ya saukar a ɗaya daga cikin ɗakunansa. Amma dokar haya ta ce sai da izinin mai gidan ne zai iya saka wani a gidan, kuma mai gidan na da ikon ƙin yarda idan mutane za su yi wa gidan yawa. Wanda ya yi gaban kansa na iya rasa gidan baki ɗaya.

Matar aure ko miji da 'ya'ya ba sa buƙatar wannan izini, muddin gidan zai ɗauke su.

Jinkirta rajista na iya jawo tarar da ta kai Euro 1,000. Wanda kuwa ya ara wa wani adireshinsa alhali ba ya zaune a gidan, tararsa na iya kaiwa Euro 50,000. Ke nan abin da a gida za a ɗauka taimakon zumunci ne, a can laifi ne.

Mutum nawa gida zai ɗauka?

Dokar rajistar ita kanta ba ta ƙayyade adadi ba. Iyakar na fitowa ne daga dokokin gidaje na jihohi, waɗanda ke auna faɗin gida da murabba'in mita, kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha.

A birnin Berlin, alal misali, ana buƙatar aƙalla murabba'in mita 9 ga kowane mutum, da kuma 6 ga yaron da bai wuce shekaru shida ba. Idan aka gaza haka, hukuma na iya ba da umarnin a rage mazauna gidan.

Domin a kwatanta, ɗakin da magina ke yi wa lissafin ƙafa 12 a tsaye da ƙafa 12 a kwance bai wuce murabba'in mita 13 da 'yan kai ba.

Ɗauko iyali

Ma'aunin ya fi tsauri ga mai son ɗauko iyalinsa. Hukumomin kula da baƙi na Jamus kan nemi murabba'in mita 12 ga duk wanda ya haura shekaru shida, da kuma 10 ga wanda bai kai ba. Ba a lissafa jaririn da bai cika shekaru biyu ba.

Wato magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, masu shekaru takwas da huɗu da kuma ɗaya, zai buƙaci gida mai faɗin murabba'in mita 46.

Kazalika ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2003 kan haɗa iyali ta hana ba wa mata ta biyu izinin zama ta wannan hanya, idan mijin na zaune da ta farko a ƙasar.

Italiya da Birtaniya

A Italiya, duk wanda ya sauki baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, ko da ɗan'uwansa ne, dole ya sanar da hukumar tsaro a rubuce cikin sa'o'i 48. Mai son ɗauko iyali kuma sai ya karɓi takardar shaidar dacewar gida daga hukumar gari.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne na wani umarnin ma'aikatar lafiya na 1975: murabba'in mita 14 ga kowane ɗaya daga cikin mutane huɗun farko, sannan 10 ga duk wanda ya ƙaru.

Birtaniya ba ta da rajistar mazauna irin ta Jamus. To amma tun daga watan Fabrairun 2016, wajibi ne masu gidaje a Ingila su duba takardun zaman mutum kafin su ba shi haya.

Daga watan Oktoban 2018 kuma, a gidajen haya na haɗaka masu lasisi, ɗakin kwanan babba ɗaya ba zai gaza murabba'in mita 6.51 ba, na mutum biyu kuma 10.22.

Dokar gidaje ta 1985 ta ɗauki gida a matsayin mai cunkoso idan ya zama dole namiji da mace da suka kai shekaru goma, waɗanda ba ma'aurata ba, su kwana ɗaki ɗaya. Wannan ya zo kusa da abin da Musulmi suka sani na raba wa yara shimfiɗa a wannan shekaru.

Sauran ƙasashe

A Turkiyya, inda ɗaliban Najeriya ke zuwa karatu, baƙo mai izinin zama na da kwanakin aiki 20 ya sanar da sabon adireshinsa. A watan Yulin 2022 gwamnatin ƙasar ta rufe unguwanni 1,169 ga rajistar sababbin baƙi, bisa hujjar cewa baƙi sun haura kashi 20 cikin ɗari na mazaunansu.

A ƙasar Sin, baƙon da ya sauka a gidan da ba otal ba sai ya yi rajista da 'yan sanda cikin sa'o'i 24. A Amurka, akasarin baƙi na da kwanaki goma su sanar da hukumar shige da fice idan sun sauya gida.

Saudiyya kuwa na da tsarin Ejar, wanda ake rajistar yarjejeniyar haya a kansa ta intanet, da kuma adireshin ƙasa na hukumar gidan waya, wanda bankuna ke nema.

Kafin a biya kuɗin haya

Abu na farko da ya kamata mai neman gida ya tambaya shi ne ko za a iya yin rajista da adireshin. Ɗakin da aka ce ba a yin rajista da shi, sau da yawa ana ba da shi ne ba da sanin mai gidan ba.

Sai kuma faɗin gidan kamar yadda yake rubuce a yarjejeniya, da yawan mutanen da ke zaune a ciki, da kuma ƙa'idar garin, wadda ofishin rajistar ke bayani a kanta.

Idan aka saɓa waɗannan ƙa'idoji, baƙo na iya samun cikas a takardunsa na zama, shi kuma ɗan'uwan da ya sauke shi ya fuskanci tara ko kora daga gidan.