Daga En'e zuwa ciyaman: wa ke da alhakin gyara famfon unguwarku?

1/ Yau zare ne mai ɗan tsawo kan tarihin ƙaramar hukuma a yankinmu na Gusau, Tsafe da Bungudu. Kullum ana cewa ciyaman ya yi aiki ko bai yi ba, amma 'yan kaɗan ne suka san daga ina kujerar ta samo asali da wanda ke riƙe da lalitarta. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Abin da ya ja ni ga wanga bincike famfo ne. A ƙauyen kakannina akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ta yi wata bakwai tana ba da ruwa, sai injin ya ƙone. Allon da aka kafa a gefenta rana ta cinye rubutun. Na tambayi mutum biyar wa ya gina ta, na samu amsa huɗu daban-daban. Mata sun koma rafi.

3/ Da na kai wa kakana ƙorafi, sai ya buɗe tsohuwar adakarsa ya ciro wata 'yar takarda da ta koma ruwan ƙasa. Rasiɗin haraji ne na zamanin En'e. Ya ce min: "Ɗan nan, mu da muka biya mun san ƙofar da za mu je mu yi kuka. Ku mi kuka biya, kuma wa kuka sani?" Wallahi tambayar ta hana ni barci.

4/ Mu koma baya. Garuruwan nan sun girmi kowace sakatariya. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Kwatarkwashi da dutsenta, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bungudu, tsohuwar masarauta ce. Mulki da karɓar haraji ba baƙi ba ne a nan.

5/ Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe sarauta ba, sai suka mayar da ita ofis. Shi ne En'e. Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu duk suka zama hakimai a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Mai unguwa ya tara, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika baitulmali.

6/ Kuɗin iri biyu ne manya: haraji a kan magidanta, jangali a kan shanu. A Sakkwato ake raba su, kaso na gwamnatin Turawa, kaso na En'e. Da kason En'e ake biyan alƙalai da 'yan doka, a riƙe gidan yari, a gina makarantar elemantare da asibitin sha-ka-tafi, a haƙa rijiyar siminti, a biya duba-gari.

7/ Sai ga jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya iso Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Nan take Gusau ta zama kasuwar gyaɗa da auduga. Aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Bayan 'yancin kai ma masaƙar Zamfara a Gusau aka kafa ta.

8/ To ga inda gizo ke saƙa. Arzikin a nan ake noma shi, amma shawarar yadda za a kashe harajinsa a Sakkwato ake yanke ta, tafiyar sama da kilomita 200. Wannan ƙorafi na nisa da masu yanke hukunci yana cikin abin da ya rura wutar neman jihar Zamfara shekaru da yawa bayan haka.

9/ Kada wani ya ce ina yabon En'e. Akwai aikin tilas, akwai bulala, akwai wanda aka shanya a rana don ya kasa biyan haraji, akwai wanda ya gudu ya bar gonarsa. Shi ya sa 'yan NEPU suka sha ɗauri suna yaƙar tsarin. Talaka ya san inda kuɗinsa ya tafi, amma bakinsa a ɗaure yake.

10/ Sojoji ne suka fara yanke wa En'e fukafukai. Bayan 1966 aka karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannunta aka mayar wa gwamnati. Sai babban sauyi na 1976, zamanin Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa: tsari ɗaya ga ƙasa duka, ƙananan hukumomi 301, kansiloli zaɓaɓɓu, sarakuna kuma su koma masu ba da shawara.

11/ A 1976 ɗin ne aka ƙirƙiri jihar Sakkwato, kuma a shekarar aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yawancin tsoffin azuzuwan da kuke gani a ƙauyukanmu, masu rufin kwano da ya yi tsatsa, 'ya'yan wancan zamanin ne. Kuɗin man fetur ya shigo, gini ya yawaita.

12/ Amma ku lura da abin da ya juya. Da can kuɗi daga ƙasa yake hawa sama. Yanzu daga sama yake saukowa. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci murnar. Sannu a hankali harajin kai ya mutu a Arewa. Ciyaman ya daina kallon manomi, ya koma kallon mai rabo.

13/ Zamanin Babangida ya ƙara wa ƙananan hukumomi ƙarfi a takarda. Kasonsu daga asusun tarayya ya tashi daga kashi 10 zuwa 15, ya kai 20 a 1992. An kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara da ruwa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya, ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi.

14/ Aka kuma yi ta tsaga su: 589 a 1991, sannan 774 a 1996. A ranar 1 ga Oktoban 1996 Abacha ya ba mu jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, da ƙananan hukumomi 14. Sakkwato ta daina zama uzuri. Mai yanke hukunci ya dawo kusa da gida, har kana iya haɗuwa da shi a masallacin Juma'a.

15/ To mi ya hana ruwa gudu? Tsarin mulkin 1999 ya ba da da hannun dama ya karɓe da hagu. Sashe na 7 ya ce dole a riƙa zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi. Sashe na 162 kuma ya ce kuɗinsu ya fara sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha. Kashi 20.6 na rabon tarayya nasu ne, amma makullin yana babban birnin jiha.

16/ Daga wannan asusun ake cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Wasu cire-ciren halas ne, don malami sai ya ci abinci. Matsalar ita ce kansilan mazaɓarka ma sau da yawa bai san nawa ya shigo ba, balle nawa ya rage.

17/ Ga kuma al'adar kantoma. A jihohi da dama, har da tamu, an shafe shekaru ana naɗa shugabannin riƙo maimakon zaɓe. Wanda aka naɗa da takarda, da takarda ake cire shi. Ku gaya min, mutum irin wannan tsoron wa zai ji, matar da ke ɗibar ruwa a rafi ko wanda ya sa hannu a takardar?

18/ Ku san aikinsu, don a daina cakuɗa lissafi. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, bayan gida na jama'a, kwalbati da magudanar ruwa, kwashe shara, titunan unguwa, rajistar haihuwa da mutuwa. Tana kuma da hannu a firamare, ƙananan asibitoci da aikin gona.

19/ A nan Gusau take da rikitarwa. Manyan titunan da aka shimfiɗa a cikin gari tun daga 2023 aikin gwamnatin jiha ne. Hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato da ta ratsa Tsafe, Gusau da Bungudu ta tarayya ce. In kana son auna ƙaramar hukumar Gusau, kada ka tsaya a shataletale. Tafi Wanke, Magami, Mada da Ruwan Ɓore ka duba.

20/ Haka Tsafe: ma'aunin yana Keta, Bilbis, 'Yankuzo da Ɗanjibga. Bungudu kuma a Nahuce, Furfuri, Bingi da Kwatarkwashi. Tambayoyin masu sauƙi ne. Asibitin mazaɓa yana da ungozoma da dare? Aji nawa ke da rufi? Famfo nawa ke kawo ruwa yau, ba ranar da aka yanka ƙyalle ba?

21/ Dole a yi adalci: matsalar tsaro ta karya wa ƙananan hukumomin nan baya. Akwai ƙauyen da malami ba ya iya kwana, akwai hanyar da ɗan kwangila ba zai bi ba ko nawa za a ba shi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako. Kasuwa da tasha kuwa su ne ɗan kuɗin shigar da ya rage musu.

22/ Duk da haka tsaro bai hana gyaran famfo a tsakiyar garin Tsafe ba, bai hana yashe kwata a Tudun Wadar Gusau kafin damina ba. Kwalara da ta addabi jihohin Arewa a 2021, har da Zamfara, cutar ruwa ce da bayan gida. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne ke raba yaro da kabari.

23/ An yi ƙoƙarin kwance ƙullin. A 2019 hukumar NFIU ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki.

24/ A Nuwamban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Zamfara, PDP mai mulki a lokacin ta ɗauki kujeru 14 duka. Kafin 'yan adawa su yi tsalle: a jihohin APC ma haka sakamakon ke fitowa, jam'iyyar gwamna ta share fage. Watanni bayan hukuncin kuma ƙungiyar NULGE ta ci gaba da kukan cewa biyan kai tsayen bai kankama ba.

25/ Ko da kuɗin ya sauka kai tsaye gobe, ni ban yarda shi kaɗai zai gyara famfonmu ba. Tarihin nan abu ɗaya ya nuna min: mai riƙe da kujera yana sauraron wanda zai iya tambayarsa ne. En'e ta saurari Razdan. Kantoma ya saurari gwamna. In ba mu tambaya ba, sabon tsarin zai haifar mana da ƙananan gwamnoni 14.

26/ Ba mafarki ba ne. A birnin Porto Alegre na Brazil, a 1989 mutanen unguwanni suka fara zama su zaɓi ayyukan da za a sa a kasafin gari, kuma ruwa da magudanai suka fi ba wa muhimmanci. Mu ma muna da harsashin: kwamitocin raya mazaɓa, kwamitocin kula da makarantu, ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya.

27/ Abin da kowa zai iya daga wayarsa: rabon FAAC na kowane wata ana wallafa shi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Nemo na Gusau, Tsafe ko Bungudu. San sunan kansilanka. In an kafa allon aiki, ɗauki hotonsa tun rubutun bai goge ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan, a rubuta a tambaya cikin ladabi.

28/ In ciyaman ya yi abin kirki, a faɗa, ko ba ɗan jam'iyyarku ba ne. In bai yi ba, a kawo hoto da kwanan wata, ban da zagin iyaye. Yabon da babu lissafi da zagin da babu hujja duk ba su taɓa kawo ruwa a tulu ba.

29/ Famfon ƙauyenmu dai matasa ne suka yi karo-karo aka sayo sabon inji, yanzu akwai littafi da ake rubuta kowace naira a ciki. Kakana ya leƙa littafin ya yi dariya ya ce, "To, kun fara gane rasiɗi." Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.

30/ Saura ku. Rubuto min sunan mazaɓarku da abu ɗaya da ke aiki, da abu ɗaya da ya lalace. Zan tattara in dawo da su a zare na gaba in sha Allah.