Tarihin Wasiɗa Tsakanin Kwamfuta Da Firinta

Firinta ta fi kwamfuta tsawon rai, domin kuwa kwamfuta takan tsufa cikin 'yan shekaru a jingine ta, alhali firinta ta ƙwarai, muddin ana samun tonarta da mai gyaranta, tana iya binne kwamfutoci uku ko huɗu tana nan tana aiki. Daga wannan saɓani na shekaru ne mas'alar da muke magana a kanta ta samo asali, wato ɗan akwatin nan da ake kira sabar firinta, wanda ke tsayawa wasiɗa tsakanin jama'ar kwamfutoci da na'urar bugu guda, ya karɓi takardar kowa ya jera bisa layi, sa'an nan ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya.

A farkon al'amari, a ƙasar Amurka, kowace firinta a ɗaure take da kwamfuta ɗaya. Kamfanin Centronics ya fito da wata a 1970 mai kafar haɗi da haƙora 36, wadda waya mai kauri ke shiga, kuma da IBM ya ɗauki irin wannan tsari a kwamfutarsa ta 1981, sai kafar ta zama sunnar da kowa ke bi har wajen shekara ashirin. Amma a Palo Alto, cikin cibiyar binciken Xerox, wani abu dabam yake gudana. Gary Starkweather ya gina firinta mai aiki da hasken leza a 1971, mai fitar da shafi guda cikin daƙiƙa guda, na'ura mai tsada da sauri wadda ba hankali ba ne a bar wa mutum ɗaya. Kuma buƙatar isar da takardun ma'aikata zuwa gare ta tana daga cikin dalilan da suka sa Robert Metcalfe ya tsara Ethernet, hanyar haɗa kwamfutoci, a 1973. Wannan nuƙuɗa ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna zaton an fara haɗa kwamfutoci ne sa'an nan aka raɓa musu firinta, alhali kuwa firinta tana cikin waɗanda aka shimfiɗa hanyar Ethernet dominsu tun fil azal.

Tsada ita ce ta koya wa ofisoshi tarayya. LaserJet ta farko daga HP ta fito a 1984 a kan dala 3,495, LaserWriter ta Apple kuwa, wadda ta biyo baya a 1985, dala 6,995 ce, sai dai an ƙera ta da hanyar da kwamfutoci da dama za su yi tarayya a kanta, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta fi ta Macintosh ɗin da ke aika mata aiki sauri, saboda ita ce ke fassara harshen PostScript ta zana shafi da kanta. A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley kuma an riga an tsara LPD, wata ƙa'ida ta jera takardu da aika su ta waya, wadda aka rubuta sharuɗɗanta a 1990. Da HP ya fito da JetDirect a 1991, kati a cikin firinta, daga baya kuma ɗan akwati a wajenta, sai aka huta da ajiye kwamfuta sukutum ba ta da aiki sai gadin firinta. Akwatin yana karɓar saƙo ta ƙofa mai lamba 9100 ya zuba shi kai tsaye ba tare da ya san abin da ke ciki ba.

Sa'an nan USB ya zo a 1996, tsohuwar kafa ta fara ɓacewa daga bayan kwamfutoci, kuma tare da shi wata bid'a ta yawaita wadda, a ganina, ita ce tushen yawancin wahalar da mai sayen saba ke sha a yau. Domin neman araha, masu ƙira suka cire wa firintoci ƙwaƙwalwa, suka ɗora aikin zana shafi a kan direban da ke cikin Windows, wasunsu ma sai kwamfuta ta ɗura musu umarninsu duk lokacin da aka kunna su. Irin waɗannan, idan aka haɗa su da akwatin wasiɗa, sau da yawa shiru kake ji, domin shi akwatin kamar ɗan aike ne da bai iya karatu ba, wasiƙa kawai yake kaiwa, in wanda aka kai wa shi ma jahili ne, to magana ta mutu. Saboda haka ne za ka ga tsohuwar LaserJet ta shekarun 1990, irin waɗanda har yanzu ake samu a shagunan buga takardu na kewayen jami'o'inmu, ta karɓi saba cikin sauƙi domin tana jin harshen PCL da kanta, alhali wata 'yar araha da ta fi ta ƙuruciya ta ƙi sam. Wanda zai sayi saba, kafin ya dubi irin kafar da ke jikinta, wajibi ne ya fara binciken ko firintarsa tana da harshen kanta.

Maslaha ta zo ne ta hanyar IPP, ƙa'idar da aka fara wallafawa a 1999, wadda ke ba firinta damar bayyana siffofinta, irin takardar da take ɗauka da ko tana launi, da kuma tsarin bugu na CUPS da Michael Sweet ya fitar a wannan shekara, wanda Apple ya saya a 2007 kafin ya kawo AirPrint a 2010 don wayoyin hannu su yi bugu ba tare da direba ba. Sabbin firintoci suna zuwa da sabarsu a cikinsu. Tsofaffin kuwa, musamman tun da Microsoft ya bayyana a 2023 cewa zai daina rarraba direbobin masu ƙira sannu a hankali, abin da ya fi dacewa da su shi ne ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi mai ɗauke da CUPS, wadda ke riƙe direban a wurinta, ta yi wa waya magana da IPP, ta juya ta yi wa firintar magana da harshen zamaninta; kuma ko mai tsohuwar kafar Centronics ce, akwai wayar da ke mayar da ita USB.